Shekarar da Babanku Ya Koma Kwana a Rumfa

Abin da ya zaunar da ni rubuta wannan babi, 'ya'yana, wata magana ce da aka kwaso mini daga gidan biki. Wai wata tsohuwa ce ta nuna jikata Balki da baki, ta ce wa ta kusa da ita ai jikar Isufu mahaukacin nan ce na Dungas. Allah ya yafe mini, ga shi na rubuta sunan da bakina bai taɓa kira ba tun da aka kai ni gidansa. Yarinyar ta dawo idonta cike da hawaye tana tambayata ko gaskiya ne. Da ƙafafuna na dā ne, da tsohuwar nan ta gan ni a ƙofar gidanta kafin ta kwance ɗankwalin biki, amma yanzu ko madafa zan je sai na yi shawara da gwiwata. Tunda ba zan iya bin bakin kowa ba, bari in ajiye muku maganar a rubuce. Babanku bai yi hauka ba. Ciwo ya yi, kuma ni na ga farkonsa na ga inda ya tsaya.

Kun taso kun tarar yana kwana a rumfa, zafi da sanyi, in ruwa ya kore shi ya shiga zaure ya bar ƙofa a buɗe, kuna ta yi masa dariya wai Baba ya fi tantabara son iska. Ba haka na aure shi ba. Maginin rijiya ne, daga nan har Sassumbrum in rijiya ta ƙafe ko rairayi ya cike ta, shi ake aiko wa. Abokin aikinsa Laminu ne, ɗan gwaggonsa, taubashinsa da ba sa haɗuwa sai sun tsokani juna. Aikinsu karɓa-karɓa ne: yau wannan ya sauka da dagi yana sara, wancan ya tsaya a baki yana jan ƙasa da igiya, gobe su juya. Babanku in yana ƙasa waƙa yake yi, muryar tana fitowa daga rami, Laminu ya leƙa ya ce masa ya yi shiru kada ruwa ya ji ya gudu.

A bazarar shekarar da na haifi Sa'adu aka kira su yasar wata tsohuwar rijiya a wani ƙauye wajen Guci. Ƙasar can rairayi ce, ba ta da amana. Laminu yana ƙasa gefe ɗaya ya zubo ya danne masa ƙafafu. Babanku bai tsaya shawara ba, ya bi igiya ya sauka zai zaro shi, sai sauran bangon ya rufta a kansu su biyu. Abin da ya tsirar da shi bayan ikon Allah, kwandon da suke fitar da ƙasa da shi ne ya kife a kansa ya bar masa ɗan wurin numfashi. Tun hantsi ake tono, sai bayan la'asar aka kai gare shi. Yayansa, Yaya Habu, wanda muke gida ɗaya gandu ɗaya da shi, yana jin labari ya hau kabu-kabu ya isa, ya yi ta kwasar rairayi da hannu har faratansa suka zubar da jini. Shi ya fara taɓa kan ƙanensa. Laminu kuwa gawarsa aka fitar.

Aka kawo mini shi babu karaya, babu rauni sai ƙujewa. Gida ya cika da masu barka da arziki. Inna, kakarku, ta tara mu ta ja mana kunne.

"Kada in ji wani ya ambaci Laminu a gabansa," in ji ta. "Wanda ya tafi ya tafi. A bar yaron nan ya manta."

Muka bi umarninta, don mu ma abin da muke gani daidai ke nan. Sunan Laminu ya ɓace daga gidanmu kamar ba a taɓa yin sa ba. Da farko abin ya yi kamar ya yi kyau, yana ci yana sha, yana amsa gaisuwa. Sai da damina ta faɗi na fara ganin abubuwa. Barci ya ƙaurace masa, in ya samu kaɗan ya zabura jiƙe da gumi yana lalubar bango. Mutumin da yara ke hawa kansa ya zama ko cokali ya faɗi sai ya daka tsawa, daga baya ya zauna yana kallon hannuwansa. Kwanan ɗaki ya gagare shi, ya koma rumfa. In zai je gona sai ya yi dogon zagaye don kada ya bi ta rijiyar unguwa. Rumbu kuwa, da yake ta sama ake shigarsa, ya ce wa Yaya Habu bayansa ke ciwo. A masallaci ya koma ƙarshen sahu, bakin ƙofa. Ko riga zai sa, sai in ga ya riƙe ta yana jinkiri, sannan ya zura kai da sauri ya fito yana haki. Abin da ya fi ci mini rai, in na miƙa masa Sa'adu sai ya karɓa ya riƙe kamar an ba shi ajiyar tabarma, ba wasa ba murmushi. Na yi kuka a ɓoye ba kaɗan ba, ina zaton ni ce na fita daga ransa.

Wata rana da safe ina shiƙar gero a tsakar gida, na ɗaga ƙwarya sama hatsi yana zubowa shuuu, sai na ji faɗuwar buta. Na waiga na gan shi ya durƙusa ya rufe kai da hannu biyu, jikinsa yana ɓari. Na kira shi bai ji ni ba. Da ya dawo hayyacinsa ya miƙe ya fita, ni kuwa ban gane me ya haɗa shi da gero ba.

Inna ta ce iska ce ya gamu da ita a ƙarƙashin ƙasa, tsohuwar rijiya ba ta rasa masu ita. Aka yi rubutu ya sha, aka yi hayaƙi, bai musa ba, don shi ma ya gaji da kansa. Da abin ya ƙi, ta ce saura sirace. Ku na yanzu ba lalle ku san shi sosai ba: a tafasa ganyaye a tukunya, a zaunar da mutum a gabanta, a lulluɓe shi da bargo ruf har ƙasa, ya shaƙi tururin ya yi gumi. Da shi aka yi mana maganin mura da zazzaɓi tun muna yara, kuma Inna da hannunta ta shiga daji ta tsinko ganyen, tana tafe da sanda. Don kada iska ta sha tururin, aka zaɓi ƙuryar ɗakinta, wadda ko taga babu, aka ja ƙofa. Yaya Habu ya lulluɓa masa bargon ya danne gefen da hannu. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji muryar babanku ta fito daga ƙarƙashin bargo, wata irin murya da ban san shi da ita ba.

"Ku ja igiya! Ku ja! Yana nan, na riƙe shi, ku ja!"

"Danne, Habu," in ji Inna tana kuka. "Su ne ke magana. Danne, za su fita."

Yaya ya ƙara dannewa. Babanku ya yi wani yunƙuri ya ture tukunyar, tafasasshen ruwa ya kwarara a hannun Yaya daga gwiwar hannu zuwa yatsu, ya bangaje ƙofa har ta ɓalle, ya faɗo tsakar gida yana jan numfashi kamar wanda aka tsamo daga kogi. Maƙwabta suka leƙo ta kan katanga. Kafin azahar duk Dungas ta ji cewa Isufu ya haukace, ya ƙona yayansa. Daga nan sunan da tsohuwar biki ta kira shi da shi ya samo asali.

Yaya Habu ya yanke shawara. Akwai wani mutum a wani ƙauye can kudu da ake kai wa masu taɓin hankali, yana sa musu mari a ƙafa ya ɗaure a ɗaki har su yi laushi. Yaya ya ce in kasuwar Dungas ta ci ta watse, can za a kai babanku. Ni kuwa maganar bargon nan ta ƙi barin kunnena. Iska ba ta cewa a ja igiya. Wanda ke cikin rijiya ne ke cewa haka. Na tuna geron da nake shiƙa, na saurari ƙararsa a raina, sai na gane: haka rairayi ke yi in yana zuba. Ashe duk watannin nan mutumin nan ba mu yake gudu ba. Kuma ga shi za a kai shi a kulle a ɗaki mai duhu, da ƙarfe a ƙafa. Na san in aka yi haka, ko ya dawo ba shi zai dawo ba.

Ranar kasuwa na ɗauki tulun man gyadana kamar zan je talla, na zarce gidan likita wurin majo, wato babban malamin jinya na garin. Ya saurare ni har na gama, ya ce wannan bai yi masa kama da hauka ba, amma a Damagaram akwai lokotoro, wato babban likita, da ya san irin wannan ciwo, in kai shi can. Na dawo na sami Yaya Habu a zaure, hannunsa a naɗe da ƙyalle. Na durƙusa na gaishe shi. Ban taɓa yi masa musu ba tun da na zo gidan, sai ranar nan.

"Yaya, ina neman alfarma. A bar ni in kai shi Damagaram."

"Dije, maganar maza ce wannan. An gama ta."

"Wallahi Yaya ba a gama ba. In za a sa masa mari, sai dai a haɗa da ƙafata."

Ya dube ni, idanunsa suka kaɗa. Na zaci zagi zai biyo, amma da ya buɗe baki muryarsa a karye take.

"Ke ba ki tono shi ba, Dije. Ni na tono shi. Mutumin da ba ya cikin hankalinsa, wata rana rijiya zai faɗa. Gara in gan shi a ɗaure da in sake tono shi."

Ku riƙe wannan magana, don na san wasunku sun taso suna ganin baffanku mugu ne. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya cika shi. Amma na ƙi janyewa. Na shiga na tambayi babanku da kansa, abin da babu wanda ya yi tun da aka fara. Ya ce in dai ba za a rufe shi ba, ko'ina ne zai bi ni. Yaya ya ce tunda mace ce ke yanke hukunci a gidan ubansa, babu ruwansa, kowa ya ji da kansa. Kafin kaka ya raba gandu, ya kafa darnin kara a tsakiyar gida. Darnin nan da kuka taso kuna leƙe ta cikinsa, farashin tafiyarmu Damagaram ke nan, kuma Inna ta rasu tana zagayawa ta waje in za ta je daga ɗan nan zuwa wancan. Wannan har yau yana yi mini ciwo.

Cikin mota ya gagare shi shiga, sai a saman buhunan wake muka yi tafiyar, ni da goyo, rana tana dukanmu. Da muka isa, ya tsaya a ƙofar ɗakin lokotoro ya kasa ɗaga ƙafa. Lokotoron, wani siririn mutum mai furfura a gemu, ya ɗauko kujerarsa da kansa ya fito da ita gindin dogon yaro. Bayan gaisuwa da 'yan tambayoyi a kan barci da ci, sai ya yi tambayar da ta sa na kusa toshe masa baki.

"Malam Isufu, wanda kuke tare a ƙasa, yaya sunansa?"

Babanku ya yi ta motsa leɓe kafin sunan ya fito. Da ya fito kuwa, sauran maganar ta biyo shi. Ya ce a ƙarƙashin rairayin hannunsa yana riƙe da na Laminu. Ba sa ganin juna, ba sa jin juna, sai ya matsa hannun, Laminu ya matsa masa. Haka suka yi ta yi, har ya matsa bai ji amsa ba, kuma ya ci gaba da riƙe hannun yana sanyi har aka tono shi. Sannan ya faɗi abin da ke cinsa: ranar nan shi ne da sauka. Laminu ne ya ce masa kai mai jego ne, zauna a sama ka sha iska, ya karɓe dagin yana dariya. Ya yi kuka a gindin bishiyar nan irin wanda ban taɓa ganin namiji ya yi ba, ni ma na taya shi, lokotoro ya bar mu muka yi.

Daga baya ya yi mana bayani da Hausa mai sauƙi. Ya ce ciwon yana da dogon suna da Faransanci wanda ba zai amfane mu ba. Yana kama wanda ya ga mutuwa ido da ido, ko ya ga an mutu a gabansa: sojan da ya dawo daga daji, matar da ta ratsa hamada ta bar 'yan tafiyarta a can, wanda ya fita daga haɗarin mota. Ba kowa yake kamawa ba, kuma ba ƙarancin imani ba ne ko ragwanci.

"Jikinsa ya fito daga rijiya," in ji shi, "amma zuciyarsa ba ta sami labari ba. Duk abin da ya yi kama da ranar nan, ƙara ko duhu ko matsi, sai ta ce masa yanzu ne abin ke faruwa. Aikinmu mu sanar da ita a hankali cewa an fito. Ku ci gaba da addu'arku. Bargon nan dai a ajiye shi, sunan Laminu kuma a dawo da shi gida."

Ya ba shi ƙwayoyi, ya ce ba za su goge komai ba, za su dai sassauta firgicin ya samu barci, kuma kada a daina su sai da saninsa. Ya koya masa jan numfashi a hankali in abin ya taso, ya taka ƙasa da ƙarfi, ya faɗi abin da idonsa ke gani a gabansa. Ya ce mu riƙa dawowa yana ba da labarin nan, har ya zama labari. Sauran aikin kuwa a gida muka yi shi, kuma ni ce ƙaramar lokotoro, ba albashi. Sai in ce masa, Malam, zan yi shiƙa. Ya zauna can bakin zaure, in zuba kaɗan in tsaya, ya ce ƙara. Wata rana ya jure, wata rana ya tashi ya fita, in ce to gobe ma rana ce ta Allah. Sannu a hankali ya matso har ya zama shi ke riƙe mini ƙwaryar ƙasa. Haka muka yi da hanyar rijiya, yau mu hango ta, wani mako mu tsaya inda mata ke ajiye tulu. Mafi wuya shi ne zuwa wurin gwaggonsa, uwar Laminu. Ya gaya mata komai har da maganar sauka. Tsohuwar ta kama hannunsa, wannan hannun dai, ta ce ashe ɗanta bai mutu shi kaɗai ba, Allah ya yi masa albarka. A makon nan na ji shi yana yi wa Sa'adu waƙa.

Ba zan ce muku ya warke sarai ba. Bai sake sauka rijiya ba, ya koma noma da tufkar igiya, kuma in bazara ta zagayo yakan yi kwanaki ba ya son magana. Rumfar nan kuwa ya riƙe ta har ƙarshe, na gaji da mita na kai tabarmata can. Amma ya dawo mana. Ya yi dariya, ya yi faɗa irin na masu lafiya, ya aurar da ku. Abu ɗaya ya rage, darnin nan. Shi da Yaya Habu suna gaisawa a masallaci kamar baƙi, duk shekara kuma Yaya ya sabunta karansa.

Ranar da Yaya Habu ya rasu, ku manya kuna nan. Mata ba sa zuwa maƙabarta, don haka abin da ya faru can daga bakin yayanku na ji shi. Ya ce babanku ne ya yi wa gawar wanka, ya daɗe riƙe da hannun nan mai tabon ƙuna. A maƙabarta kuma samari suna tono gefen ramin yana zubowa, sun rasa yadda za su yi da rairayin. Sai babanku ya tuɓe babbar riga ya ce a ba shi dagi. Mutane suka dubi juna, wani dattijo ya riƙe masa hannu. Ya ce a sake shi, ya san ƙasar nan. Ya sauka.

Ni dai ina tsakar gida cikin mata na ga ya shigo, rairayi a gashinsa, a kafaɗarsa, har cikin kunne. Rabon da in ga ƙasa a kansa tun ranar da aka kawo shi daga Guci. Na bi shi rumfa, ya zauna yana jan numfashin nan da aka koya masa.

"Malam, ka shiga?"

"Na shiga, Dije. Ƙasa ta zubo mini, na ji ta sarai. Na ce wa kaina yau ba ranar nan ba ce." Sannan ya ce, "Shi ya tono ni da hannunsa. Ba zan bar yara su yi masa ɗaki mai matsi ba."

Ya sunkuyar da kai ya ce in kakkaɓe masa. Na sa hannu ina kakkaɓewa, rairayin yana zuba a kan tabarma da 'yar ƙararsa, shi kuwa yana zaune bai motsa ba. Wannan shi ne mutumin da aka kira mahaukaci. In Balki ta sake tambaya, ku karanta mata wannan, ku ce mata jikarsa ce, ta ɗaga kanta.